Amsoshin tambayoyinku: kafin ku shiga dazukan arewacin Turai kallon namun daji

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karon kusan duk daga 'yan'uwanmu ne masu karatu da aiki a Finland da Estoniya da Suwidin, sanyi ya sake su kowa na son leƙa daji.

Wani ɗalibi daga Oulu ya ce: "Na ga tabaron hangen nesa a intanet, an rubuta 60x60, wai Swarovski ne, yuro 25 kacal. In saya?"

Ƙanena kar ka soma. Swarovski na gaske masu kyau sukan haura yuro 2,000, to wane ne zai ba ka shi a kuɗin cefanen kwana biyu? Jabu ne, kuma lambar ma ƙarya ce. Lamba ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto maka da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Abin da masu kallon tsuntsaye suka fi riƙewa 8x42 ne ko 10x42, don da zarar kusantowar ta wuce 12 hannunka ba zai iya riƙe shi tsaye ba, hoton sai rawa. Kuma namun dajin nan da asuba ko dab da magariba suke fitowa, lokacin da haske ya yi ƙasa, a nan gilashin banza yake tona kansa, sai ka ga duhu kawai, ga raɓa ta shige ciki ya yi hazo. Duk wanda ka ga gilashinsa ja ne yana ƙyalli, ka wuce. In ka leƙa ka ga wayar lantarki ta zama biyu, ciwon kai za ka saya da kuɗinka.

Wallahi abin nan yana ɓata min rai, yaro ya kwana yana wanke-wanke ko raba abinci a keke cikin ƙanƙara, kuɗin da ya kamata ya tura gida sai ya zuba wa ɗan damfarar da ko adireshi ba shi da shi, an jima ya sake sayen wani jabun saboda na farkon ya lalace. Araha ba ta ado. Amma ɗaya ɓangaren ma ban yarda da shi ba, masu cin bashi su sayi na yuro dubu biyu alhali ba su taɓa kwana ɗaya a daji ba. Nikon Prostaff ko Vortex Diamondback sun ishe ka shekaru, ka ware kamar yuro 150 zuwa 300. Ka shiga shago ka gwada da idonka, ka karɓi rasit da garanti. In na hannu ne a shafukan cinikin intanet irin su Tori ko Blocket, ku haɗu ka duba kafin ka biya ko sisi.

Wata baiwar Allah daga Tallinn ta ce yaranta sun matsa sai an kai su fadama, ita kuma tsoro take kar su nutse ko beyar ta fito.

Hajiya kwantar da hankalinki, tsoron uwa ne kuma ba laifi. Ki kai su fadamar da ake kira Viru raba a gandun dajin Lahemaa da ke nan Estoniya, an shimfiɗa hanyar katako kusan kilomita 3.5, ga hasumiyar kallo, in dai ba su sauka daga katakon ba babu abin da zai same su in sha Allah. Beyar gudun mutane take. Sauronsu akwai cizo a Yuni da Yuli amma ba ya sa maleriya. Abin da nake so ki ji tsoro shi ne kaska, tana ɗauke da cutar Laim da wata mai kumbura ƙwaƙwalwa. Ta biyun tana da rigakafi, allura uku ce, ki tambayi likitanku. Dogon wando a cusa cikin safa, in an dawo ki duba bayan kunne da hammata da bayan gwiwa. Kuɗin rigakafin ya fi kowace jaket mai tsada amfani. Lambar gaggawa 112.

Wani kuma wai zai iya tafiya da danko ya harbo tsuntsu, ko ya ɗebo ƙwai?

Haba malam. A'a. Dokar da ta ba kowa damar yawo a daji da tsinkar 'ya'yan itace ba ta ba ka damar taɓa sheƙa ba, tara ce za ta hau kanka.

Wani ɗan'uwa daga Helsinki yana tambaya ko ya biya kuɗin kwana a ɗakin fakon beyar.

In har burinka ka gan ta da idonka, eh, don yawo kawai da wuya ya haɗa ka da ita. Wajen Kuhmo a gabashin Finland kusa da iyakar Rasha aka fi yi, akwai kuma Alutaguse a Estoniya, wani sa'in har kyarkeci ake gani a Kuhmo. Amma ka san abin da kake saya: ana shiga da yamma ba fita sai safiya, ba surutu, ba turare, kuma abinci ake ajiye musu don su matso. Lokacin hunturu barci suke a rami, duk wanda ya yi maka alkawarin beyar a Janairu maƙaryaci ne. Ka tambaye su tun kafin ka biya ko akwai banɗaki a ciki, da abin da za su yi maka in ba a ga komai ba, ka tafi da ruwan alwala. Kuma kar ka sayi babbar kyamara saboda dare ɗaya, ka ara ko ka yi haya.