'Yar tsanar Hakata ta yi ƙura, in wanke ta?

Tambaya: Malam, mahaifina ya bar mini 'yar tsanar yumɓu da ya sayo a Japan, mace ce sanye da kimono, rigar gargajiyar Japan, a ƙasanta an rubuta Hakata. Ƙurar hunturu ta dusashe mata fuska, ga wani tabo a kumatu. An ce in wanke ta da ruwan ɗumi da omo, in shafa mata vanish, man nan da ke sa katako sheƙi. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada ruwa ya taɓa ta, ko da jiƙaƙƙen tsumma ne.

Wannan shawara kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Mutane na ganin abu gasasshe sai su ɗauka tangaran ne. Ina! Tangaran yana da rufin gilashi, 'yar tsanar Hakata ba ta da shi. A birnin Fukuoka na Japan, inda unguwar Hakata take, ana gasa yumɓun ne a zafin da ya kai wajen digiri 900, a fito da shi haka nan, yana shan ruwa kamar sabuwar randa. Bayan an gasa ne ake zana launi da hannu, kuma ba a sake mayar da ita wuta. Farin nan mai laushi na fuska, a aikin gargajiya gofun ne, wato garin ɓawon kawa da aka kwaɓa da gam ɗin fatar dabba. Ruwa na narkar da gam ɗin. Shafa ɗaya, gira ta tafi, jan leɓe ya malalo haɓa, dattin da kike son cirewa kuma ya nutse cikin yumɓu inda hannu ba ya kaiwa.

Vanish ya fi muni. Rashin ƙyallin nan shi ne kyanta, shi masu tarawa ke biya. Mai gyaran da ya ce zai sa ta "ta yi sheƙi kamar sabuwa", ki karɓe kayanki ki yi gaba. Wasu har man zaitun suke shafawa, wai don launi ya fito, bayan wata biyu sai ga baƙin tabo. Masu bidiyon dabarun goge-goge a intanet kuwa, ba su za su biya ki asarar ba.

Ki samu burushin kwalliya sabo, busasshe, mai taushi, ki riƙa kaɗe ƙurar a hankali daga kai zuwa ƙasa. In za ki ɗaga ta, ki sa safar hannu ta auduga, ki tallafo ta daga ƙasa, ban da wuya. Tabon kumatun ma da alama maiƙon yatsa ne. Ki bar shi, tabo bai kai sabon fenti rage daraja ba.

Sai ki sa ta cikin akwatin gilashi, nesa da hasken rana da laimar damina. In akwatin katakon da ta zo ciki yana nan, ki adana shi, domin galibi sunan maƙerin na jikin murfinsa.