Ayaba a bokitin fenti: amsa ga ƙanwata ta Unguwar Mu'azu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na gama da yara na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce gidan haya kike a Unguwar Mu'azu, tsakar gidan duk siminti, mai gida ya hana a fasa ko taku ɗaya, kina da bokitan fenti biyu, kina so ki san ko ayaba za ta haihu a ciki.

Za ta rayu a bokitin, amma ba za ta haihu ba. Na faɗa miki haka ne don da shi na fara, shekara shida ke nan, a nan Tudun Wada. Bokitin fenti lita 20 ne. Wata huɗun farko ta yi kyau har maƙwabta na leƙowa, daga nan ta tsaya cak, sabon ganye yana fitowa ƙarami kamar tafin hannu. Shekara guda da rabi ina ba ta ruwa, ko alamar fure babu. Ranar da na gaji na kifar da bokitin, ƙasa ba ta zubo ba, curi guda ne na saiwa ya faɗo da siffar bokitin, ta cinye ƙasar ta koma tana nannaɗe kanta. Ki ajiye bokitanki ki sa tattasai da na'ana'a, su za su gode miki.

Duro za ki nema, shuɗin nan na roba mai lita 200. Ni a Panteka na samo nawa. Ki tambayi abin da aka zuba a ciki tun farko, in na sinadari ne ko mai sayarwa ya fara kame-kame, ki wuce gaba. Na ƙarfe kuma ban ba ki shawara ba, a zafin Maris yana ɗaukar wuta har ba ya taɓuwa, saiwar da ke jingine da shi ta dahu, ga tsatsa. Ki sa a yanke kamar kashi ɗaya cikin uku daga sama. Saiwar ayaba ba ta nitsewa can ƙasa, yaɗuwa take yi gefe-gefe, saboda haka faɗi ya fi mata zurfi amfani. A ɗora rodi a wuta a huda gindin duron wuri goma ko fiye, a ƙara wasu a gefe daf da ƙasa, sannan a ɗora shi kan bulo uku don ruwa ya samu hanyar fita. Ayaba na son ruwa kamar me, amma in ya kwanta mata a gindi kwana biyu uku a watan Agusta sai ta ruɓe.

Kafin ki zuba ƙasa ki zaɓi mazauninsa, domin in ya cika ya jiƙe, ƙarti biyu ma sai sun yi da gaske kafin su matsar da shi. Wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, kuma katanga ta tare shi daga gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa. Kada ki sa shi daidai indararo. Wanda ke bene kuma yake tunanin baranda, ya yi lissafin nauyin tukuna.

Jar ƙasar nan tamu ta Kaduna, in kika cika duro da ita zalla, bayan ban ruwa biyu za ta daskare kamar bulo. Abin da nake yi: baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi da ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Takin shanu ana samu wajen Zango, na kaji kuma wurin masu kiwo. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi, wari ya fita, in kin damƙa yana marmashewa. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ki bar kamar tsawon yatsa huɗu daga bakin duron ba ki cika ba, nan ruwa zai riƙa tsayawa kafin ya sauka.

Sai iri, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Da farko, ayabar da muke ci ba ta da ƙwayar shukawa. Baƙaƙen ɗigon nan na cikinta ba sa tsira, duk wanda ya tallata miki "irin ayaba" a ƙulle cikin leda a intanet, ki riƙe kuɗinki. Ɗa ake cirewa daga gindin uwa. Na biyu, gajeriya za ki nema. Akwai wadda ake kira Dwarf Cavendish, tsawonta bai cika wuce mita biyu ba, jikinta kakkaura, ganyenta a tattare. Danginta ne ake fitarwa kasuwannin duniya tun bayan da cutar Panama ta cinye gonakin tsohon iri mai suna Gros Michel a shekarun 1950. Agada da dogayen nan da kike gani in kin bi hanyar Kafanchan ko Kagoro ba na duro ba ne, sukan haura mita uku, iskar farkon damina ɗaya za ta kwantar da su har da duron. Masu fulawa na bakin titi kowane ɗa ka nuna sai su ce maka gajeriya ce. Ni dai yanzu ba na karɓar ɗa sai na ga uwarsa tsaye da idona, in da hali ma ɗauke da kan ayaba.

A gindin uwar za ki ga 'ya'ya iri biyu. Akwai mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami, siriri, gwanin sha'awa. Shi ido ke so, kuma shi ne rago. Akwai mai kaurin gindi, ya tsuke ta sama, ganyensa sirara kamar takobi. Wannan za ki ɗauka, mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu. A yanko shi da tushensa, dunƙulen nan mai kama da gwaza. In kin kawo gida ki sa wuƙa ki aske saiwoyin duka, ki fere tushen kamar kina ferar doya har ya yi fari tas. In kin ga ramuka baƙaƙe a ciki, tsutsar ƙwaro ce ta huda shi, ki yanke wurin, in ya yi yawa ki yar. Daga nan ki tsoma tushen kaɗai a tafasasshen ruwa, ki ƙirga daƙiƙa 30, ki ciro. Ranar farko da ɗana da ya yi karatun noma a Samaru ya gaya mini haka, cewa na yi yaron nan so yake ya dafa mini ayaba. Ashe dabara ce da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke koya wa manoma, tana kashe ƙwai da ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani. Kada dai ki wuce daƙiƙa 30 ɗin. Wani abu guda: gidan da kika ga ganyen ayabarsu ya cunkushe a sama, ƙanana, a miƙe kamar tsintsiya, kada ki karɓi ɗa a can ko kyauta ne. Cuta ce da ba ta da magani, kuma da ɗan take tafiya.

Ki dasa in damina ta zauna, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Daga nan har Oktoba kusan ba ki da aiki, Allah ne ke ban ruwa, za ki ga sabon ganye kusan kowane mako har ki fara jin kin ƙware. To ba ki ga komai ba tukuna. Ayabar Kaduna da rani ake gane mai ita.

Ta ƙasa tana miƙa saiwa ta nemo laima, ta duro kuwa abin da kika zuba mata shi ke nan abin da take da shi, ga mu da wata biyar ko ɗigo babu. Da hunturu ina ba ta rabin bokiti kowace safiya. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwa bokiti guda cur, wani lokacin in ƙara da yamma. In a hannun 'yan garuwa kike sayen ruwa, ki zauna ki yi wannan lissafin kafin ki sayi duro, kusan jarka guda ce kullum a bazara. Ni abin da ya cece ni shi ne baho da na ajiye wurin alwala, da ruwan wankin shinkafa da na ganye. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa kada ki kusanto da shi, a duro gishirinsa taruwa yake yi ba shi da wurin zuwa. Ki rufe saman ƙasar da busasshen ganyenta ko ɓawon gyaɗa mai kauri, yana rage rabin wahalar. Na taɓa tafiya biki Zariya kwana huɗu a watan Afrilu, na bar wa yara amana. Da na dawo ganyen duk sun karye daga wuya sun rataye jikin uwar kamar an shanya tsumma. Ba ta mutu ba, amma kan da ta fitar a shekarar nono uku ne, 'ya'yan kamar yatsun hannu.

Da sanyin Disamba da Janairu za ki ga ta tsaya, sati uku ba sabon ganye, waɗanda ke akwai kuma iska ta tsattsage su, bakinsu ya bushe, ƙura ta lulluɓe su. Kada hankalinki ya tashi. Ayaba ta fi jin daɗi a digiri 26 zuwa 30, in dare ya sauka wajen 14 girma yake tsayawa. Kuskuren da na yi shi ne na ɗauka yunwa ce, na ɗebo takin yuriya cike da hannu na zuba mata a gindi. Kwana uku gefen ganyen ya ƙone. Ki bar ta kawai, ki riƙa watsa wa ganyen ruwa da yamma don ƙura ta sauka. Kuma kada tsagewa ta sa ki yanke ganye, muddin kore ne yana aiki. Sai wanda ya bushe ƙurmus. Wannan sanyin ne ma ya sa nake nacewa a kan lokacin dashe. Gajeriyar nan in haihuwa ta zo mata a tsakiyar hunturu, kan yakan maƙale a wuya ya kasa fitowa sosai. In kin dasa a Yuni, za ta ƙetare sanyi tana budurwa, ta fitar da kai a damina ta gaba.

Ci kuwa, ayaba ba ta da kunya. Abin da ke cikin duron wata uku ya ƙare. Ina ba ta NPK 15-15-15 cikin tafin hannu sau ɗaya a wata, a zagaye bakin duron nesa da jikinta, in bi da ruwa nan take, ban da watannin sanyi. Duk wata biyu in ƙara ruɓaɓɓen taki a sama. Abin da ta fi ƙawa shi ne sinadarin fotash, shi ke cika 'ya'ya, kuma yana nan a tokar murhu. Hannu ɗaya a wata ya isa, tokar itace tsantsa, ba wadda aka ƙona leda a ciki ba. Kada ki haɗa ta rana ɗaya da yuriya, toka na sa amfanin yuriyar ya bi iska.

Za ta fara fitar da 'ya'ya a gindi, biyu, uku, har biyar, zuciyarki ba za ta so ki taɓa su ba. Ki daure. In kin bar su duka a duro ɗaya haihuwar guzuma za a yi, ɗa kwance uwa kwance. Kafin uwar ta yi fure ki yanke duk wanda ya leƙo, ki caka wuƙa a tsakiyarsa don kada ya dawo. In ta kusa haihuwa sai ki bar guda ɗaya tak, magajinta.

Tawa ta farko a duro, wata goma sha uku ta yi. Wata safiya bayan asuba na fito shara, na ga wani ɗan guntun ganye a tsakiya ba irin na kullum ba, bayan kwana biyu jan ƙunshin nan ya leƙo, ya sunkuyar da kai. Kullum sai ɓawo ɗaya ya naɗe ya faɗi, ya bar jerin 'yan ƙananan ayaba kore shar. Wallahi har kujera nake ɗaukowa in zauna ina kallo. In nonuwan sun gama fitowa, ki bar tazarar tafin hannu ki yanke jan ƙunshin. Ki sa tsohon zane ranar, ruwan jikinta in ya ɗiga a tufa ba ya fita har abada. Busassun furannin da ke bakin kowace ayaba ki murje su da yatsa, da damina daga nan ruɓa ke kamawa. Sannan ki tokare wuyan da gwafa ko gora biyu a gicciye, tun kafin nauyi ya rinjaye ta. Daga fure zuwa ƙosawa wata uku ne zuwa huɗu. In kusurwoyin jikin ayabar sun cike sun zama mulmul, ki sare kan tana kore ki rataye a ɗaki, da kanta za ta nuna cikin kwanaki. Ba ruwanki da kabayid, sinadarin nan na nunar da ayaba da ƙarfi da NAFDAC ke ta gargaɗi a kai.

Uwar da ta haihu ba ta sake haihuwa. Ki sare ta, ki daddatsa jikin ki shimfiɗa a saman duron, magajin ya ci gaba. Bayan haihuwa biyu tushen zai cika duron har ya fara hawowa sama, sai a juye, a sabunta ƙasa, a mayar da ɗa guda.

Kada in ɓoye miki, in don riba ce, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Mafi kyawun kan da na samu nono shida ne, in na haɗa kuɗin duro da taki da ruwa, da na je kasuwar Station na sayo ninkinsa. Ni inuwar nake so, da korensa a tsakar gidan da babu ko ciyawa, ganyen kuma ina ƙunsa alala da shi. Zancen da ake yi wai tana jawo maciji, shekara shida ban ga ko ɗaya ba, tarin busasshen ganye da aka bari a lungu ne ke ɓoye su. Abokan gābata na gaskiya akuyar maƙwabta ce, da kaji masu hawa duron su tone taki, har sai da na kewaye bakinsa da tsohuwar raga.

Yanzu haka akwai 'ya'ya biyu masu ganyen takobi a gindin tawa, ɗaya dole in cire. In kin samu duron kin haɗa ƙasar, ki yi mini magana ta akwatin saƙo in ruwa ya zauna, ki turo yaro da buhu.