Urushi ba ya bushewa a rana

Ɗana, jiya da muna rufe shago ka yi mini tambaya biyu. Ka ce fasasshen kwanon shayin da ka liƙe da urushi, wato ruwan itacen da muke gyaran kwanuka da shi, ya kwana shida a bakin taga, rana na dukansa, amma har yanzu in ka taɓa wurin haɗin yana kama yatsa. Ka kuma ce yaushe zan bar ka ka fara zuba zinariya a kan layin haɗi. Na ce ka bari sai na zauna. To ga shi.

Da na ɗaga kwanon na duba, haɗinka ya yi kyau, baki ya hau baki, ko farce bai maƙale ba. Inda ka kuskure shi ne ka ɗauki urushi kamar fenti ko ƙaro, wanda in ruwansa ya fita sai ya bushe. Shi ba haka yake ba. Ruwan itace ne, kuma akwai wani sinadari a cikinsa da ke jawo iskar shaƙa ya sa shi ya daskare, amma ba ya aiki sai da danshi da ɗumi. Yana son zafi digiri 20 zuwa 30, da laimar iska kashi 70 zuwa 85 cikin 100. Ka ga kenan busasshiyar iska irin ta hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa. Shi ya sa masu wannan sana'a a Japan ke da akwatin katako da suke kira muro. Ga namu can a kusurwa, wanda kake gani kullum da safe ina jiƙa tsumma ina shimfiɗawa a ƙasansa. Da can ka sa kwanonka, da yanzu ya fara kamawa.

Kada kuma ka ce tun da danshi yake so bari ka cika masa. In ka lafta shi da kauri, laima ta yi yawa, samansa zai riga cikinsa daskarewa, ya tattare kamar fatar tsoho, sai ka kankare ka sake. Maiƙo da gishiri ma suna hana shi kamawa, har na zufar hannu. Safar hannun da nake matsa maka ka sa tana kare kwanon, tana kuma kare ka. Makon farko da na fara koyo, ɗigo ɗaya ya sauka a wuyan hannuna, na goge da riga na ci gaba. Bayan kwana biyu hannun ya kumbura har gwiwa, ƙaiƙayi ya hana ni barci. In ya taɓa ka, shafa man girki ka goge tukuna, sannan sabulu.

Ina jin ciwo in na ga an yi ɓarnar urushi, don na san yadda ake samunsa. Itacen yakan yi shekara 10 zuwa 15 kafin a tsaga shi, kuma abin da za a tara daga itace guda bai wuce kamar giram 200 ba. Mai tsagar zai yi ta zagaye daga watan Yuni har Oktoba, yana yankar ɓawo yana kwasar ɗigo da ɗan cokali. Mafi yawan wanda ake samu a cikin Japan daga Joboji yake fitowa, a lardin Iwate, sauran da ake amfani da shi kuwa daga Sin ake shigo da galibinsa.

Yanzu maganar zinariya. Na san ita ta jawo ka, ita ke jawo kowa, har sunan aikin ma, kintsugi, ma'anarsa haɗi da zinariya. Amma zinariya ba ta riƙe komai. Abin da ke riƙe kwano shi ne mugi-urushi, wato garin alkama da aka kwaɓa da ruwa aka haɗa da ɗanyen urushi har ya yi danƙo yana jan zare. Shi kaɗai yakan ci mako biyu a muro. Inda wani ɓangare ya ɓace, a cike da kokuso mai garin katako. Ƙananan ramuka kuma a bi su da sabi, kwaɓin garin yumɓu mai laushi da urushi. Daga nan a goge da gawayi da ruwa, a ja baƙin urushi da siririn buroshi, a mayar muro, a fito a goge, a sake, sau biyu ko uku, har ka rufe ido ka bi layin da yatsa ka ji santsi ɗaya da jikin kwanon. Sai a ƙarshe a ja jan urushi siriri, a jira ya fara kamawa, a ɗebo garin zinariya da ɗan curin siliki a shafa a hankali. Wannan matakin bai fi rabin awa ba, a aikin da ya ci wata biyu ko uku. Kuma zinariya ba ta rufa asiri: duk ɗan tudu ko rami da ka bari a ƙasa, ita za ta haska shi kowa ya gani.

Mutanen Japan sun shekara dubbai suna liƙe tukwane da urushi tun kafin a sa masa zinariya, an tono irinsu na zamanin Jomon, wani tsohon zamani na Japan kafin rubutaccen tarihi. Ado ya biyo baya ne a hannun masu shan shayi, wajen ƙarni na 15 zuwa na 16. Ni nakan tuna gyartai da ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya: matar da ta kawo ba ta tambayar kyan ɗinki sai ta ga ƙwaryar ta riƙe fura. Mai kwanon nan ma shayi mai zafi zai zuba ya kai bakinsa, shi ya sa ba ma taɓa gam ɗin kanti mai kamawa cikin minti biyar a shagon nan.

Gobe da safe ka raba kwanon a hankali tun bai kama ba. Ka kankare tsohon kwaɓin, ka goge bakunan da sifirit har su fita tas, ka kwaɓa sabo a gabana. In ka haɗa ka ɗaure, ka sa a muro, ka rubuta kwanan wata a takarda ka manna a ƙofar. Jiƙa tsumman nan daga gobe aikinka ne.