Kayan 30 a kan aikin 25: amsar tambayarka ta jiya

Na ga saƙonka tun da dare, ina kan hanyar dawowa daga wajen ɗauka shi yasa ban amsa ba. Ka ce aikin bikin nan kyamararmu ta ɗauka a gudun hoto 25 a sakan, sai yayan amarya ya turo gaisuwarsa daga Amurka da waya, shi kuma mai jirgin ɗaukar hoto ya kawo nashi a 30, da ka jera su a taimlayin, wato layin da ake haɗa bidiyo a kai a manhaja, sai hoton jirgin ya riƙa fizga, bakin yayan amarya kuma ya rabu da maganarsa can wajen ƙarshe, kana tambaya wai ko kwamfutar ce ta gaji. Toh ba kwamfuta bace ɗana, ka bar ta ta huta da zargi. Kuma matsala biyu ce ka haɗa, ba ɗaya ba, kowacce da maganinta.

Bari mu fara da fizgar. Bidiyo ai hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, kowane ɗaya shi muke ce wa firam. Taimlayin ɗinka gurbi 25 gare shi a kowane sakan, kai kuma ka kawo masa baƙi 30, kaga dole biyar su rasa wajen zama. Abin da Premiere, manhajar haɗa bidiyon, take yi in ba ka ce mata komai ba shine ta jefar da firam ɗaya cikin kowane shida, shiru ba sallama. In mutum ne a zaune yana magana ba wanda zai lura, amma jirgi da yake tafiya sumul a saman layin motoci, ko kyamara tana juyawa a hankali daga hagu zuwa dama, sau biyar a kowane sakan hoton zai yi ɗan tsalle, ido kuwa ba ya yafe wannan ko da mai kallon bai san sunan abin ba, cewa kawai zai yi aikin ba daɗin kallo.

Za ka ce to me ya kawo wannan rarrabuwar tun farko, ba sai a yi abu ɗaya kowa ya huta ba. Wutar lantarki ce ta raba mu. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a sakan, tamu da ta Turai sau 50, su kuma talabijin na farko da bugun wutar suke tafiya, sai nasu ya zama 30 namu 25. Nasu tsarin shine NTSC mai layi 525, namu PAL mai layi 625 wanda wani injiniya Bajamushe Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken aka fara watsa shi a 1967. Faransa kuma ta ce ita nata daban, SECAM, shi Nijar ta gada, shi yasa a da mutanen bakin iyaka in suka kamo tashar can da talabijin ɗinmu sai hoton ya fito baƙi da fari, don gudun firam ɗaya ne amma yadda ake ɗora kala ya bambanta. Ku yaran yanzu ba ku ga wahalar kaset ba, a kawo maka kaset daga Amurka ka saka a bidiyo hoto ya yi ta birgima sai ka nemo mai cin kowane tsari. Analog, wato tsohon tsarin nan, yana gushewa amma lambobin nan suna nan daram cikin kowace kyamara da waya.

Kuma 30 ɗin ma da kake gani yawanci ba 30 cif bace, 29.97 ce. A 1953 da Amurkawa za su saka kala a talabijin sai suka ga siginar kalar tana karo da ta sauti, shine suka rage gudun da kashi ɗaya cikin dubu. Ƙaramin abu ko? Amma a awa ɗaya firam 108 ne, sakan 3.6 kenan. Don haka in ka ɗauki fayil na 29.97 ka gaya wa manhaja 30 ne, a mintin farko lafiya lau, kafin a kai ƙarshen wa'azi ko lacca mai awa guda baki na gabas magana na yamma. Haka 23.976 take da 24, 'yan uwa ne amma ba mutum ɗaya bane.

Yanzu maganin. Hanya uku ce kawai duk duniya, kowace manhaja ka buɗe ɗaya daga cikinsu take bi ko da wane suna ta sa mata: ko a zubar da firam (ko a maimaita shi), ko a ƙirƙiro firam ɗin da babu shi, ko a bar firam ɗin duka a canza gudun tafiyarsu. Gwanintar ita ce sanin wacce za ka ba wane hoto, ba wai ka zaɓi ɗaya ka shafa wa aikin gaba ɗaya ba.

Hoton jirgin nan, ta ukun za ka ba shi kuma wallahi har kyau zai ƙara. Ka danna dama a kan fayil ɗin tun yana cikin ma'ajiyar aikin kafin ka ja shi taimlayin, ka shiga Modify sannan Interpret Footage, ka rubuta masa 25. Shikenan ba firam ɗaya da zai faɗi, sai dai abin da yake sakan biyar ya koma sakan shida, tafiyar ta ɗan lafa zuwa wajen kashi 83 cikin ɗari, jirgi kuwa dama nutsuwa ake so da shi kuma ba sautin da za ka damu da shi tunda kiɗa za ka ɗora. Haka za ka yi da shigowar amarya, da hoton ɗakin taro, da kayan lefe, duk abin da ba baki a ciki. In an ɗauka a 50 ma ya fi, ka mai da shi 25 ka samu rabin gudu mai tsafta. In 60 ne ya koma wajen kashi 42, shima lafiya.

Amma kar ka kuskura ka yi wa mai magana haka. Ka rage masa gudu da kashi 17 muryarsa za ta koma kamar wanda aka tasa daga barci. Inda wannan dabarar take aiki da magana shine tsakanin 24 da 25, don tazarar kaɗan ce, kashi huɗu cikin ɗari. Haka gidajen talabijin na ƙasashen PAL suka yi shekara da shekaru suna yi wa finafinan silima, fim mai awa biyu ya ƙare a minti 115, murya ta ɗan sirance kaɗan ba wanda ya kai ƙara. Yanzu ma manhajojin sauti suna iya ƙara gudun su riƙe kaurin muryar yadda take, in aiki irin wannan ya zo zan nuna maka.

Ta biyun, wato ƙirƙiro firam, ita ce Optical Flow da kuke ji da ita. Kwamfuta tana duba firam biyu ta yi hasashen abin da ke tsakaninsu ta zana. In motsin mai sauƙi ne tana yin abin mamaki. Amma ka gwada ta a filin rawa lokacin liƙi, kuɗi na tashi ta ko'ina, hannaye na giftawa ta gaban fuska, ga leshi da shadda masu ƙyalli, za ka ga yatsu sun narke, gefen mayafi yana rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Ni ban yarda da ita ba sai na bi wajen firam bayan firam da idona. Ita kuwa Frame Blending haɗa hoto biyu take yi ta dama su, fizgar ta ragu amma kowane motsi ya samu inuwa, wani lokacin gara fizgar ma.

Shi yayan amarya tunda a zaune yake yana kallon waya, bar shi a ta farkon, a zubar da firam ɗin ba komai. Ciwonsa daban ne. Waya ba ta riƙe gudu ɗaya, tana rubuta maka 30 amma in haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta sauka ta hau yadda ta ga dama, balle kuma an turo ta WhatsApp an ƙara matse shi. Sautin yana tafiya a kan agogonsa daidai, hoton kuma yana tafiyar hawainiya da gudun barewa a haɗe, shi yasa suke rabuwa a hankali. Ka buɗe fayil ɗin da manhajar duba bayanan fayil ta MediaInfo, wajen yanayin firam za ka ga an rubuta Variable. Sai ka kai shi manhajar juya bidiyo ta HandBrake, ka zaɓi 25, ka danna Constant Framerate, ka ba shi inganci mai yawa don kar ya ƙara lalacewa, ka fitar, sannan ka shigo da sabon. Mafi yawan lokaci a nan maganar take ƙarewa. In har yanzu akwai 'yar tazara, ka raba sautin da hoton, ka nemi inda ya rufe leɓe a harafin b ko m ka daidaita a nan, ka rufe mahaɗar da hoton amarya tana saurare. Kuma ka roƙe su su sake turo shi a matsayin Document, ba ta hanyar bidiyo ba.

Wani abu da ban ji ka ambata ba amma na san za ka gani in ka duba hoton wayoyin 'yan biki: ratsi-ratsi baƙi yana hawa yana sauka, ko hasken yana kyaftawa. Shima rigimar 50 da 60 ce. Fitilunmu suna bugawa sau 100 a sakan, wayar kuma an saita ta da lissafin ƙasar 60. Wannan in ya riga ya shiga fitar da shi wahala ne, a wajen ɗauka ake kashe shi da saita shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke shan haske a kowane firam, a 1/50 ko 1/100, in kuma janareto ne mai hawa da sauka sai ka kalli allon kyamara ka yi ta matsawa har ya kwanta.

Ka tambayi mai aikin ina za a kai shi, wannan tun ranar farko ya kamata. In YouTube ne da waya kowane gudu suna karɓa, sai ka ƙirga wane kaya ne ya fi yawa ka gina taimlayin a kansa, a nan dai namu ne na 25. In gidan talabijin ne a ƙasar nan 25 ne ba ciniki, kuma ka karɓi takardar ƙa'idarsu don wasu har yanzu 1080i50 suke so, wato kowane firam an tsaga shi gida biyu, layukan mara da na cika, rabi 50 a sakan. Nan na taɓa shan kunya ina kamar shekarunka, zamanin ƙaramin kaset na DV. Shi DV rabin layukan cika yake fara nunawa, HD kuma na mara, ni kuma na fitar da talla na juya su. A kwamfutata ras, da aka saka a iska duk wanda ya motsa sai ya riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, maigidana bai ce min uffan ba, kujera kawai ya ja min ya ce zauna ka kalla har ƙarshe. Tun ranar ba na miƙa aikin talabijin sai na gan shi a talabijin na gaske.

In da manhajar DaVinci kake haɗawa ka kula, da zarar ka shigo da kaya gudun aikin ya kulle, don haka ka saita 25 kafin komai. Asabar mai zuwa kuma kafin mu fita ka kira mai jirgin ka ce ya sa nashi a 25 ko 50, ƙaramar kyamarar nan ka duba tana PAL, amma ka kwashe abin da ke katin tukuna don wasu in ka canza tsarin sai sun nemi goge shi. Masu iPhone cikin dangin ango da za su turo mana kaya, a saitin kyamara akwai Show PAL Formats, su kunna su zaɓi 25. Gobe ka zo da had disk ɗin aikin da wuri mu duba wajen liƙin tare kafin ka fitar.