Ta yaya zan gane ko ɗan majalisarmu yana taɓuka wani abu a zaure?

Ɗan'uwa, ka ce wakilinku bai taɓa fitowa a talabijin yana magana ba, shi ya sa kake zargin ɗumama kujera kawai yake yi. Kada ka yanke hukunci tukuna. Nemi Hansad, wato kundin da ake rubuta duk abin da aka faɗa a zaure. Sunan ya samo asali daga Thomas Hansard, mai buga muhawarorin majalisar Birtaniya a ƙarni na 19, kuma majalisu da yawa suna sa nasu a intanet.

Ni abin da nake dubawa shi ne karatu na biyu da ake yi wa ƙudurin doka a zaure, don a nan ake tafka muhawara kan manufarsa. Wanda ya kawo hujja a nan ya fi mai tashi kullum ya ce ya goyi baya ya zauna. Ka kuma bambance ƙudurin doka da ƙorafin da wakilinku ya kai kan hanyar mazaɓarku: ƙorafin yawanci kira ne ga gwamnati, ba ya tilasta mata komai.

Wasu kuma a kwamiti suke aikinsu, inda kyamara ba ta cika shiga ba. Duba rahoton kwamitin da yake ciki.