Makirfo Mai Tsada Ko Ɗaki Mai Shiru? Amsoshin Tambayoyin Mawaƙa Masu Zaman Kansu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai rubuta waƙoƙinsa da kansa, kuma har yanzu da waya nake ɗaukar muryata. Na ɗan tara kuɗi, abokaina kuma sun ce in zuba su gaba ɗaya a makirfo babba irin na sitidiyo. Shin shawararsu ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka taɓa kuɗin nan, shiga ɗakin da kake rera waƙa, ka rufe ƙofa, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sannan ka kasa kunne. Idan ka ji tafin ya bugi bango ya dawo maka da ɗan ƙara mai kama da ta gwangwani, to matsalarka ta ɗaki ce, kuma makirfo mai tsada ba zai rufa mata asiri ba, sai ma ya ƙara tona ta. Irin wanda abokanka suke nufi shi ne kwandensa, wanda ke buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, kuma kaifin jinsa ya kai ya kwaso kukan fanka da takun mai wucewa ta bayan taga tare da muryarka. Wanda ake kira dainamik, kamar Shure SM58 da ake amfani da shi tun 1966, ana kusantar da baki gare shi sosai, saboda haka murya takan rinjayi hayaniyar da ke kewaye, kuma ko ya faɗi ƙasa ba kasafai yake lalacewa ba. Ga mai ɗaukar murya a ɗakin kwana, shi na fi so.

Ka raba kuɗin, ka sayi makirfo matsakaici da ƙaramin akwatin haɗawa mai mashiga ɗaya ko biyu, da hedifon mai rufe kunne ruf domin kada kiɗan da kake saurare ya zurara cikin muryar da ake ɗauka. Abin da ya rage ka kashe shi a kan ɗakin: labule mai kauri, bargo a rataye a bayanka, katifa a jingine da bangon da kake fuskanta. Na sha jin muryar da aka ɗauka a gaban durowa cike da tufafi ta fi wadda aka ɗauka a falo mai tayil tsabta nesa ba kusa ba. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa wahalar banza ce, domin ba shi da kaurin da zai shanye sauti. Batun manhajar ɗaukar murya ba ya buƙatar ko sisi a farko, tunda Audacity da BandLab kyauta ne, GarageBand ma kyauta ce ga masu na'urorin Apple, Reaper kuma tana ba da kwana 60 na gwaji.

Tambaya: Malam, na kammala waƙoƙi biyar, ina so su hau Spotify da Apple Music. An ce sai ta hannun kamfanin rarrabawa. Wanne zan zaɓa, kuma yaushe zan fara ganin kuɗi?

Amsa: Gaskiya aka gaya miki, Malama, waɗannan dandamali ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi. Kamfanonin rarrabawa iri biyu ne ta fuskar biya. DistroKid yana karɓar kuɗin shekara, ki ɗora iya abin da kike so, amma idan kika daina biya ana iya sauke waƙoƙinki, sai dai in kin biya ƙarin kuɗin da zai sa a bar su. CD Baby kuwa sau ɗaya ake biyansa a kan kowace fitarwa, sannan ya riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da waƙar ta samu. Mai fitar da waƙa duk wata, na farkon ya fi masa sauƙi. Ke da kike da biyar kacal, kuma ba ki ce wasu na tafe nan kusa ba, na biyun ya fi dacewa da ke. Duk wanda kika zaɓa, ki adana lambar ISRC, wato lambar shaidar da ake bai wa kowace waƙa da aka naɗa, domin da ita za ki sauya kamfani wata rana ba tare da adadin sauraron da kika tara ya bi ruwa ba.

Maganar kuɗi kuma, kada ki ɗora tukunya tukuna. Tun daga 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. Idan kina da masoya ko da kaɗan ne waɗanda za su sayi waƙa da kuɗinsu, dandalin sayar da waƙa na Bandcamp yana cire kashi 15 cikin 100 ne ya bar miki saura, ban da ladan masu tura kuɗi. Masu tallar cewa za su sayar miki da dubban masu sauraro ki guje su, domin na'urori ne ke sauraron, kuma idan aka gano, waƙarki za a sauke.

Tambaya: Malam, na sayi kiɗa a intanet na ɗora waƙata a kai, abokina kuma ya taimaka mini da amshi. Yanzu wani ya ce zai ba ni kuɗi a dunƙule in sallama masa waƙar. In karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, kana shirin sayar da abin da ba ka tabbatar naka ne kai kaɗai ba. Kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙi biyu: na ƙirƙira, wato baitoci da karin waƙar, da kuma na sautin da aka naɗa. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin ƙirƙira yana tabbata ba tare da sharaɗin rajista ba, kuma yana wanzuwa tsawon rayuwar mai shi da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Ke nan abin da mutumin nan yake taya maka gadon 'ya'yanka ne, idan waƙar ta yi albarka.

Ka fara komawa kan takardar da aka turo maka lokacin da ka sayi kiɗan. Galibin kiɗan da ake sayarwa da araha haya ce kawai, makaɗin yana da damar bai wa wasu mawaƙa ɗari irinsa, kuma takardar takan ƙayyade adadin sauraro ko shekarun da aka yarje maka. Irin wannan kiɗa ba a yi masa rajista a tsarin Content ID na YouTube, wanda ke gano bidiyon da aka saka sautin wani a ciki, saboda tsarin na wanda ya mallaki abu shi kaɗai ne; in ka yi, za ka riƙa kama bidiyon waɗanda suka yi hayar kiɗan kamar yadda ka yi.

Sai abokinka. Wanda ya tsara amshi ya shiga cikin marubutan waƙar, ko da a lokacin ya ce don zumunci ya yi. Ku zauna yanzu, tun kuɗi ba su shigo tsakani ba, ku rubuta sunan waƙar da ranar da aka yi ta da kason kowa, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Bayan haka ka koma wa mai tayin ka tambaye shi wanne daga cikin haƙƙoƙin biyu yake so, na shekara nawa, kuma a waɗanne ƙasashe. Ka ba shi izinin amfani na ƙayyadadden lokaci a maimakon sallamawa ta har abada, kuma kada alƙalaminka ya taɓa takardarsa sai lauyan da ya san haƙƙin mallaka ya karanta ta daga farko har ƙarshe.