Tambaya da Amsa: Fim ɗin Saw da gardamar da ya haddasa tsakanin 'yan kallo

Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili a kan fim ɗaya, wato Saw na farko wanda ya fito a Amurka a shekarar 2004, don haka na ga ya dace in haɗa su wuri guda. Ina faɗakar da wanda bai kalli fim ɗin ba cewa babu yadda za a amsa tambaya ta biyu da ta uku ba tare da an tona ƙarshen labarin ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Mun kalli wannan fim mu shida a ɗakin kwananmu, kuma har yau ba mu daina musu a kansa ba. Huɗu daga cikinmu sun ce fim ɗin talauci ne, kusan komai a banɗaki ɗaya, hoto duhu, 'yan wasa sai ihu. Ni kuwa na kasa tashi har ya ƙare. Shin da gaske ƙaramin jari aka zuba masa, kuma wa ya fi gaskiya a tsakaninmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka ba su yi kuskure a kan jarin ba. Kimanin dala miliyan 1.2 aka kashe, wanda a wurinmu kuɗi ne masu yawa, amma a masana'antar fim ta Amurka kuɗin wani ɗan wasa guda ya ninka wannan sau da dama. Cikin kwana 18 aka gama ɗaukar fim ɗin a wani gini a birnin Los Angeles. Daraktansa James Wan da marubucin labarin Leigh Whannell samari ne da suka haɗu a makarantar koyon fim a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, kuma sai da suka fara yin wani ɗan gajeren fim na 'yan mintoci da kuɗin aljihunsu domin su nuna wa furodusoshi abin da ke ransu. An nuna shi a bikin finafinai na Sundance a watan Janairu na 2004, kamfanin Lionsgate ya kai shi sinima a ƙarshen Oktoba, daga bisani ya tara sama da dala miliyan 100 a faɗin duniya.

Abin da nake so ka ɗauka zuwa wurin abokanka shi ne, banɗakin nan da suke raina wa shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma rashin kuɗi ne ya haife shi. Samarin nan sun san ba su da halin fasa motoci ko rushe gidaje, sai suka zauna suka nemi labarin da za a iya bayarwa da mutum biyu da ɗaki ɗaya. Ga abin da suka samu: wani likita mai suna Gordon da wani mai ɗaukar hoto mai suna Adam sun farka sun tsinci kansu ɗaure da sarƙa a ƙafa, kowa a kusurwarsa, a tsakaninsu ga gawa kwance cikin jini riƙe da bindiga da ƙaramar rikoda. Kowannensu ya sami kaset a aljihunsa, kuma kaset ɗin likitan ya umarce shi ya kashe Adam kafin ƙarfe shida, in ba haka ba matarsa da 'yarsa su halaka. Sai kuma zarto biyu, wanda daga gare shi fim ɗin ya samo sunansa, da ba ya iya yanka sarƙa amma zai iya yanka ƙafa. Da yake kamara ba ta da inda za ta gudu, shi ma mai kallo ba shi da inda zai gudu, kuma ina ganin wannan ne ya hana ka tashi.

Amma kada ka hana su gaskiyarsu. Akwai wuraren da ƙarancin jarin ya fito ƙarara. Ba a sami lokacin gwaji ba, kuma daraktan bai samu damar maimaita ɗauka yadda yake so ba, shi ya sa kukan Cary Elwes, wanda ya fito a likitan, yake wuce gona da iri a ƙarshen fim ɗin, har wasu 'yan kallo suka riƙa dariya a inda ya kamata tsigar jikinsu ta tashi. Fitowar tseren mota kuwa a cikin gareji aka ɗauke ta, an kashe fitilu, an saki hayaƙi, ana jijjiga motocin da hannu, kuma duk wanda ya kalla da natsuwa zai gane cewa motocin ba tafiya suke yi ba. Lokacin haɗa fim ɗin ma sun tarar hotunan da suka ɗauka ba su isa ba, sai suka cike giɓin da hotuna marasa motsi da wasu da aka mayar kamar na kamarar tsaro. Masu sharhin finafinai a Amurka su ma rabuwa suka yi kusan gida biyu a lokacin. Na kan tuna da wannan fim duk lokacin da na ji masu shirya finafinanmu na Hausa suna kukan jari, domin kukan gaskiya ne, sai dai zama a kan rubutu wata shida ba ya cin kuɗin da hayar babban gida da jerin motoci suke ci.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina rubuto maka daga Maradi. Ni ba jinin ne ya dame ni ba, ƙarshen ne. Ina jin kamar an yaudare ni. Ta yaya mutum mai rai zai kwanta awa da awanni a gaban likita yana kwaikwayon gawa, likitan bai ga numfashinsa ba? Mijina ya ce wannan ne daɗin fim ɗin, ni kuwa na ce rainin hankali ne.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Ke da maigidanki kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma a kan maganar numfashi ina tare da ke. Fim ɗin na farko bai ba da wani bayani ba, sai a kashi na uku aka dawo aka nuna cewa allura mutumin ya yi wa kansa domin jikinsa ya lafa. Bayanin da ya zo bayan shekara biyu ba ya wanke fim ɗin da ya riga ya fita, kuma wannan laifi na rubutu ne, babu ruwan jari a ciki, domin fitowa ta daƙiƙa goma ta isa ta toshe ƙofar.

Inda zan kare masu fim ɗin shi ne a kan zargin yaudara. Ma'aunin da nake auna labarin gano makashi da shi guda ɗaya ne: idan aka sake kallo bayan an san amsar, shin za a tarar marubucin ya ajiye alamomi a fili, ko kuwa ya sako makashin ne daga sama? Ki sake kallon wurin da likitan yake zagayen marasa lafiya tare da ɗalibansa. Akwai wani majinyaci mai ciwon daji a ƙwaƙwalwa kwance a gado, likitan yana magana a kansa kamar ba mutum ba, sai wani ma'aikacin asibitin mai suna Zep ya tsoma baki ya faɗi sunansa, John, wanda shi ne makashin da ya kwanta a banɗakin yana kwaikwayon gawa. An nuna mana makashin, an faɗa mana sunansa, amma idonmu ya bi Zep, domin shi ne ya yi kama da mugu kuma shi muka gani daga baya yana tsare da iyalin likitan. Haka kuma lokacin da likitan ya ɗauki bindigar da ke hannun gawar ya buɗe ta, babu ko ɓawon harsashi a ciki, alhali mutumin da ya harbe kansa dole ya bar ɓawo. Mabuɗin sarƙar Adam ma a mintin farko muka ga ya bi ruwan baho ya wuce, ba mu san ko mene ne ba.

Na fara kallon fim ɗin ne a faifai tare da wasu abokai a wani ɗaki da ake tara kuɗin man janareta. Lokacin da gawar ta motsa, ta durƙusa a hankali, ta miƙe tana ɓare fatar roba daga kanta, wani daga cikinmu ya zabura har ya tuntsurar da butar shayi, sannan ya ce a mayar da faifan baya zuwa wurin asibitin. Muka mayar, muka gan shi kwance a gado. Tobin Bell, wanda ya taka wannan rawa, shi da kansa ya kwanta a ƙasan kwanaki ana ɗauka, ba mutum-mutumi aka ajiye ba.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ɗan shekara 16 ya kalli fim ɗin a waya, yanzu yana cewa wai makashin ba mugu ba ne, darasi yake koya wa mutanen da ba su san darajar rayuwa ba, kuma bai taɓa kashe kowa da hannunsa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Me zan ce masa? Yayarsa ce daga Kano.

AMSA: 'Yar'uwa, wannan ra'ayi ya yaɗu a tsakanin masu son fim ɗin fiye da yadda kike zato, kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk gardamar da ake yi a kansa. Fim ɗin ne da kansa ya shuka shi, domin ya sa likitan ya faɗi makamanciyar wannan magana, ya kuma sa wata mata mai shaye-shaye da ta tsira daga wani tarkon kisa da makashin ya ɗana mata ta ce mutumin ya taimake ta. Finafinan da suka biyo baya, waɗanda suka kai na goma a shekarar 2023, sun ƙara ɗaga shi har ya zama kamar shi ne jarumin.

Kada ki yi masa faɗa, ki tambaye shi abin da ya gani da idonsa. Matar nan da ta tsira, daga cikin wa ta ciro mabuɗin da ya cece ta? Daga cikin wani mutum ne da yake da rai, an yi masa allura ya kasa motsi, kuma shi ba a ba shi wani zaɓi ba. Yarinyar likitan da aka ɗora wa bindiga, wane laifi ta yi? Ɗan sandan da ya taka zare bindigogi suka tashi da shi, wa ya ɗana tarkon? Abokin aikinsa kuwa da hannunsa makashin ya yanke shi a wuya, ko da yake bai mutu a lokacin ba, don haka ko maganar hannun ba ta tsaya ba. Wanda ya haƙa rami ya rufe shi da ganye a kan hanya ba zai ce wanda ya faɗa ne ya kashe kansa ba, kuma yaro ɗan shekara 16 zai gane wannan idan aka bar shi ya amsa da bakinsa.

Ki kuma sani cewa a Amurka sai da aka rage wasu wurare kafin a yarda a kai shi sinima, kuma duk da haka an sa shi a rukunin da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, a Ingila kuwa sai ɗan 18. Masu tura finafinai a waya ba sa tambayar shekarun kowa, kuma galibi duk jerin suke turawa a lokaci ɗaya. Kashi na farko ya fi sauran kawaici nesa ba kusa ba, domin yawancin abin tsoronsa kamara tana kauda kai ne ta bar wa mai kallo ya ƙarasa a zuciyarsa, saɓanin na baya da suka sami kuɗi suka riƙa nuna komai. Ki duba wayar tasa tare da shi, ki ga ko sauran kashin suna ciki.